Hanyar Masaƙa

Ranar da aka yi mata tayin aiki a Akwanga, ta tarar da mahaifinta inda ya saba: bakin ƙofar masaƙarsu ta Kakuri da ta daɗe da mutuwa, sanye da rigar aiki.

Akwanga akwai sarari, ba hayaniya. Amma tunda tsufa ya cinye masa tunani, hanyar masaƙar nan kaɗai ya sani. Can kuwa, ɓacewa zai yi.

Ta tsuguna. "Baba, mu koma Akwanga, ko mu zauna?"

Ya dube ta cikin ladabi. "Madam, sai na tambayi 'yata. Yanzu za ta taso daga makaranta."

Ita kaɗai ya haifa. Ta zauna gefensa, suna jiran yarinyar.