Tsarabar Inna Salihatu

Ruka ta bi direbobin tashar ɗaya bayan ɗaya da kwalba wayam a hannu. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar yadda ta saba duk sanda ta sauko daga tirela. Tambayarta ɗaya ce: ko akwai mai ruwan teku? Wani ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Wani ya ce shi dai ruwan batir gare shi, in tana so.

Ita kuwa abin bai ba ta dariya ba. Hutu ya ƙare, gobe za su koma gida, kuma har yau ba su kai teku ba.

Ita ta kitsa tafiyar nan tun farko. Tana aikin jinya, mijinta Mika'ilu yana koyarwa a sakandare. In ta dawo ya fita, in ya dawo ta fita, aure ya koma sallama a bakin ƙofa. Sai ta ce su ɗauki hutun da ba albashi, su tada tsohuwar tirelar marigayi babansa, su zaga ƙasar nan su biyu. Mai walda ya yi wa bodin rufi da taga, suka jefa katifa da risho, shi ke nan ɗaki ya samu.

Surukarta, Inna Salihatu, ba ta hana ba, amma ba ta ɓoye abin da ke ranta ba. Ranar rakiya, sai ka ce rabin Kontagora ne ya fito, ta dafa tayar motar ta ce, “Na yi auren direba har ya koma ga Allah, na san akwalar nan ciki da bai. Ku je. In kun isa teku ku ɗebo min ruwansa in shafa a gwiwa. In kuka dawo babu, a kai wa 'yan gwangwan motar. Ke kuma 'yar nan, kada in sake jin kin zuga min yaro.”

A gaban matan unguwa fa ta faɗa! Ruka ta yi rantsuwa a ranta ba za ta dawo a abin dariya ba.

Kai, amma sun ji daɗin zaman tirelar nan. Da safe su hau saman rufi su sha shayi, motocin kudu da na arewa suna gilmawa. Ruka ta koyi gaisuwar Yarbanci a bakin direbobi, ta koyi ciniki da Ibo. Mika'ilu ya tara gemu, ya riƙa sa hular sanyi har kunne ko ana zafi. Yakan wuni a ƙarƙashin mota, ya fito baƙi ƙirin da mai yana waƙa. In an yi ruwa, su kulle taga su buga lido, ya yi mata maguɗi, ta bi shi da ludayi. Ashe mijin nata haka yake da ban dariya, ita ba ta sani ba.

Abinci ma bai ba su wahala ba. Dorkas mai abincin tasha takan miƙo musu tuwo da miyar kuka a kwanuka masu murfi, miyar ta ji daddawa da man shanu, har Ruka ta ce ita ko kewar gida ba ta yi. In Inna ta kira waya, “Kun ci abinci?” kawai take tambaya. Ba ta taɓa cewa ina kuka kai ba. Ruka ta san fushi ne, abin yana damunta.

Tsaraba kam ta tara: goron Shagamu, garin rogon Ijabu, manja, kwakwa, doyar Binuwai. Ruwan nan ne kaɗai ya gagara.

“Mu kaɗa gishiri a ruwan rijiya mana,” in ji Mika'ilu.

“Inna za ka yi wa haka? Ai tun kafin ka buɗe kwalbar ta gano ka.”

Rana ta yi sanyi, ta fara share hawaye da gefen mayafi, sai ga wata tanka daga Legas ta tsaya. Direban, Andrew, ya saurare ta, ya sosa ƙeya, ya jawo wata jarka ta ruwan teku daga bayan kujera. Wai tsohuwarsa a Rijau ita ma gwiwa ke damunta. Ya cika mata kwalbar taf, har da yashi a ƙasa. Ruka ta yi ta zuba godiya da Yarbancinta, alhali mutumin ba Bayarabe ba ne.

Washegari suka isa gida a keke-napep, kaya har saman rufi, da yake tirela ba ta shiga lungunsu. Tsakar gida cike da mata. Ruka ta durƙusa, ta miƙa wa Inna kwalba da hannu biyu.

Inna ta ɗaga ta a rana, ta buɗe, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta tofar.

“Wallahi na teku ne!” ta ce da ƙarfi. “Ina masu cewa surukata ba za ta iya ba? To ga shi!”

Gida ya kaure da guɗa. Daɗi ya kashe Ruka.

Ana cikin rabon goro Inna ta kamo hannunta zuwa ɗaki, ta saki labule. Ta daɗe tana kallonta, murmushi na neman ƙwace mata.

“Kin yi kyau, 'yar nan. Shi ma yaron rabona da in ji dariyarsa haka tun yana ƙarami. Allah ya yi miki albarka.” Sai ta rage murya. “Amma ki ce wa Dorkas ta dawo min da kwanukana. Tun ranar rakiya da akwalar nan ta mace muku a tashar bayan gari, ni nake tuƙa muku tuwo.”