Ƙarfen da Jiki Ya Ƙi

Tsahara ta sake tafasa zannuwan gadon, alhali jiya ma ta tafasa su. Hannuwanta duk sun saɓule saboda ruwan zafi da sabulu, amma zama ya gagare ta.

Uwarta, Hajiya Tasalla, tana kwance a ɗaki, fuska a rufe da gefen mayafi. Bara ƙashin kwatangwalonta ya lalace, ɗanta Alhaji Hamidu, ɗan kasuwa a Maraɗi, ya kai ta aka sa mata na ƙarfe. Ta koma gida Tsibiri tana takawa, har gidan suna ta je da ƙafarta. Kafin kaka sai wurin ɗinkin ya kumbura, ya yi zafi, ya fara tsiyayar mugunya.

Aka buɗe, aka wanke, aka rufe. Ciwon ya dawo. Aka sake buɗewa, aka cire ƙarfen ɗungurungum, aka cusa siminti mai magani a gurbinsa. Lokotoro, wato likitan da ke duba ta, bai ɓoye musu komai ba: sai ƙwayar cuta ta mutu ƙurmus za a mayar da sabon ƙarfe. In ta ƙi mutuwa, Hajiya da tafiya sai dai a ɗauke ta.

Suka tare a gidan Hamidu a unguwar Zariya, cikin Maraɗi, don kusa da asibiti. Kullum allura ta jijiya, kullum ɗibar jini. Kullum jinin yana cewa cutar na nan.

To Tsahara ba mai haƙuri ba ce, gaskiya dai a faɗe ta. Ta sa aka kwashe awakin gidan. Ta hana 'yan dubiya wuce ƙofa. Daga nan idonta ya faɗa kan Rahma, matar Hamidu, wadda ke canza bandeji.

"Ke, da wane hannu kike taɓa mani uwa? Wanda kika gama yankan kuɓewa da shi?"

"Yaya, wallahi sai na wanke har gwiwar hannu."

"Wankin naki mun gani, ga shi nan yana zuba."

Rahma ta yi kuka, ta ɗaure kayanta, ta hau kabu-kabu sai gidansu a Jiratawa. Hajiya na jin komai daga gado. Hawaye ya gangara cikin mayafi.

Dama tun ciwon nan magana ta yi mata wuya. Matar da dariyarta ke tsallake katanga, yanzu sai ɗaga kai da girgiza shi. Tsahara ta gasa mata kaza, ta ture. Ta kawo ƙuli-ƙulin da take so, ta kau da fuska. Kunu kawai, sai fura mai ruwa-ruwa, sai kanumfarin da take aika a sayo mata ba fashi.

Rahma ta tafi, Tsahara har ta shaida wa lokotoro ita ce sanadi, amma jini bai canza ba. Lokotoro ya zauna bakin gado ya ce, "Hajiya, cutar nan ba daga waje take shiga ba. Tana da gida a jikinki, jini ke kai ta gurbin ƙarfen. Ina ne kuma ke maki ciwo? Fitsari? Wani gyambo? Baki? Kunne?"

Hajiya ta girgiza kai.

"Sai mun sake shiga mun canza simintin. Wannan karon aikin da tsawo, barci za mu sa ki."

Nan fa Hajiya ta yunƙura kamar za ta tashi. "A yi mani allurar baya irin ta da," in ji ta ta bayan mayafi. "Ban son barcin nan."

"Inna, tsoron mi? Ga ni nan bakin ƙofa," Tsahara ta ce, tana shafa mata ƙafa.

Ranar aiki aka tura ta ciki da hantsi. Tsahara ta kai gaba ta kai baya a baranda, ta zauna, ta miƙe, ta kira Hamidu ta kashe tun bai ɗauka ba. An ce mata aikin sai bayan azahar zai ƙare. Ko inuwa ba ta matsa ba sai ga ƙofa ta buɗe, lokotoro ya fito, safar hannunsa fes, babu ɗigon jini.

Tsahara ta tare shi. "Ta rasu?"

"Tana barci, lafiya lau. Ba mu ma taɓa ƙafar ba tukuna. Mun buɗe bakinta ne za mu zura bututun numfashi." Ya tuɓe safar hannunsa. "Ki aika a ɗauko matar ƙanenki, ba ta da laifi. Wa ya sa wa Hajiya haƙorin Makka?"

"Babanmu, Allah ya jiƙansa. Shekarar da suka yi Hajji tare. Mi ya faru?"

"Ƙarƙashin zinaren nan ya ruɓe har ƙashi, ya fi shekara yana zuba mata mugunya cikin jini, ita kuwa ta rufe baki don ta san ranar da muka gani za mu cire shi."