Ɓarawon Ƙarfe Goma

"Sun sake shigowa!" Sahabi ya doki tebur. Ƙarfe goma daidai, kwamfutarsa ta sake rabuwa da rezon ofishin ƙungiyar manoma ta Filinge, wato layin sadarwarsu, kwana biyar ke nan a jere. Sunayen masu karɓar irin hatsi sun ƙi isa na'urar bugawa, ga manoman yankin Kurfai zaune a waje, damina ta kawo kai.

Shi da ya yi wata uku cur a Yamai yana koyon aikin nan! Ya tabbata ɓarayi ne ke shiga rezon, ya canza kod, wato lambar sirri, sau huɗu. Ya zargi mai kilishin bakin ƙofa, ya bincike wayoyin ma'aikata kaf. Da tsohuwa Tambara mai shara ta ce a kira 'yan bori, Sahabi har da riƙe ciki don dariya.

Kashegari, dab da ƙarfe goma, shugabar ofis, Madam Habsa, ta ja kujera kusa da shi. "Malam Sahabi, yau tare za mu kama ɓarawon nan. In ba haka ba, ka ajiye mabuɗi."

"Ki dai zuba ido, Madam. Bari in ɗora mana shayi."

Idonsa na kan allo, ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur kamar kullum, ya zare wata igiyar wuta, ya soka ta butar lantarki a gurbinta.

Rezo ya ɗauke.

"Kin gani ko! Ga su nan!"

Habsa ta sunkuya ta ɗago igiyar da ya zare. Ta akwatin wifi ce.

"Na gan shi," ta ce. "Sukari cokali nawa yake sha?"