Kifin Gimbiya

Ɗan guntun tuwon shinkafa Jannatu ta hango a gashin bakin Gimbiya, tsohuwar kyanwarsu. Likitan dabbobi ya ce ciwon suga gare ta, banda tuwo, sai allura da kifi. Kullum Jannatu ke dafa mata na Argungu.

Gidan kuwa ya kaure da guɗa, don yau sugan kakarsu Inna ya sauka bayan shekara uku.

"Amaryata ta koma budurwa," in ji Abbas, yayan Jannatu, yana taka rawa. "Mi kika ci haka?"

"Kifi," Inna ta ce tana ƙyalƙyala dariya. "Sati ukku rabona da tuwo."

"Inna," Jannatu ta ce a hankali, "kifin wa?"

Inna ta lalubi takalmanta, ta shige ɗaki.