Mai Tantabara da Hoton Mahaifinsa

Dakata, Malam Tanimu, ɗage yatsanka daga kan wayar nan tukuna. Shekarata talatin da biyu ina wanke wa mutane hoto a shagon nan, kuma duk wanda na ga zai datse hoto da gaggawa sai gabana ya faɗi. Zauna ka ji dalili.

Akwai wani mai kiwon tantabara, magidanci ne da 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa irin dattawan nan ne da ba su yarda da hoto ba, ko biki ake yi in ya hango mai kyamara sai ya juya ƙeya. Sau ɗaya tak a duniya aka shawo kansa ya tsaya, a ƙofar gida, shi da ɗansa, lokacin ɗan yana shekara goma sha huɗu yana rungume da tantabararsa ta farko. Ba a rufa shekara ba tsohon ya rasu, ya bar matarsa da cikin auta. Hoton takardar ya daɗe a ƙasan akwati har gara ta fara cinsa, sai ɗan ya ɗauke shi da waya, abin da ya saura kuma garar ta ƙarasa. Ka ga ke nan fuskar mutumin nan ba ta ko'ina a bayan ƙasa sai cikin waya guda. 'Yan'uwa kuwa babu wanda ya ce a tura masa, kowa ya saki jiki, ai yana wurin Yaya.

Ana nan sai mutumin ya shiga wani dandali na intanet inda masu tantabara ke haɗuwa suna musayar sani, suna kuma cika wa juna baki. Al'adar dandalin ita ce kowa yana da ɗan hoto da ke fitowa ƙarƙashin duk abin da ya rubuta, kamar sa hannu a ƙarshen wasiƙa. Wasu samari da ba su fi shekara uku da fara kiwo ba suka riƙa yi masa gardama kan maganin ƙwarƙwatar tsuntsu, abin ya ci masa rai. Ya ce bari ya liƙa tsohon hoton nan, kowa ya gani da idonsa cewa tun ba a haife su ba yake cikin harkar. To dandalin yana da ƙa'ida: hoton sa hannu siriri ne, faɗinsa da tsayinsa da nauyinsa duk an ƙayyade, wanda ya wuce ba ya shiga. Ya ɗora, aka dawo masa da shi, ya yi girma. Ya rage girman hoton gaba ɗaya, sai ya shiga, amma fuskarsa ta koma kamar ƙwayar riɗi, tantabarar ma ba a gane ta. Wannan bai yi masa ba, shi da yake so a gan shi. Sai ya koma datsa. Ya datse sama, zauren gidan ya tafi. Ya datse ƙasa, ƙafafu suka tafi. Har yanzu ya yi faɗi. Ya ja layin datsar daga dama, ya ƙara ja, ya ƙara, har tsohon ya fita daga ciki, ya ce a ransa ai na ɗan lokaci ne. Wayar ta tambaye shi, wallahi sai da ta tambaye shi, a ajiye wannan daban ko a maye gurbin na asali da shi? Hankalinsa yana can wurin amsar da zai ba samarin nan, ko karantawa bai yi ba ya danna. Hoto ya shiga daram, 'yan dandali suka yi ta jinjina masa, har ana ce masa Sarkin Tantabara. Ya yi wata bakwai yana jin daɗin sunan.

Sai autarsu ta zo ganin gida daga garin da take aure, ita da ba ta taɓa sanin mahaifinta ba sai a hoton nan. Ta ce tana so a wanke mata shi babba ta rataye a ɗaki, 'ya'yanta sun isa tambayar kamannin kakansu. Nan shagon suka zo su biyu, kan bencin da kake zaune. Ya buɗe wayar da fara'arsa, ya miƙo mini, na duba, na ce ina sauran? Ya karɓa ya duba. Ya shiga nan, ya fita can, ya kashe wayar ya kunna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta zube haka ba. Na gwada duk dabarar da na sani, na tura shi wurin masu gyaran waya, suka ce wata bakwai ya yi nisa, wasu abubuwan sun riga sun cike gurbin na asalin a cikin wayar. Abin da ya rage siririn hoto ne: yaro yana washe baki, tantabara a ƙirjinsa, a kan kafaɗarsa kuma yatsu huɗu na wani da ba a gani. Matar nan ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, wannan ne hannun Baba?" Ta juyo wurina ta ce in wanke mata yatsun haka nan, ta biya ta tafi da su. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Saboda haka kafin ka datse komai, kwafi na asalin ka ajiye gefe, ka tura wa ɗan'uwanka ma ya riƙe. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira a rasa ido.