Waƙoƙin Tela Sun Juya Masa Baya

Sabuwar na'urar jin waƙar ta kunnu lafiya lau, waƙa ce dai ta ƙi fita. Duk wadda tela ya taɓa, sai rubutu ya bayyana: ba ka da izini.

Da guminsa ya sayi waƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya, don shi mutum ne mai gudun haram. Suna cikin tsohuwar 'yar na'urarsa, wadda ta yi ƙafa daga kan keken ɗinki ranar da ya fita sayen zare. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi kuwa, da kwafe-kwafe yake tara nasa, kuma shagonsa bai taɓa yin shiru ba.

Ƙanin matar tela, wanda ya zo kwana biyu ya kafa gado a falo, ya fi kowa jin zafin satar. Ya tsine wa ɓarawon, ya ce lalle sai ya raka yaya ofishin kamfanin waƙar. Da suka isa ya samu benci a baya, ya toshe kunnuwa da abin saurare, igiyar ta nutse cikin aljihunsa, yana ta kaɗa kai.

Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta. "Waƙoƙinka a ɗaure suke da tsohuwar na'urar. Kawo ta mu kwance."

"Sace ta aka yi, baiwar Allah."

"To ka ga amfanin kullewar. Don ɓarayi aka yi ta."

"Ɓarawo na can yana jin daɗinsa, ni da na biya ina sauraron ƙarar keke?"

"Injin bai san mutum ba, malam. Na'ura ya sani."

Abu ɗaya ta ce za ta iya: ta kashe tsohuwar daga nan inda take zaune. Sai dai waƙoƙin za su bi ta kabari, in yana so ya sake saye.

Tela ya yanke shawara. Gara a fasa kowa ya rasa.

"Kashe."

Ta danna maɓalli, ta yi masa murmushin aiki, ta gode masa da gaskiyarsa.

Ya juya ya ce su tafi gida. Ƙanin matarsa bai ji ba. Ya daina kaɗa kai, ya zaro tsohuwar na'urar tela daga aljihu yana bubbuga ta a tafin hannu, yana mita wai kayan zamani ba su da amana.