Shaidar Saniyar Jauro

Cin gumin wani ka ɓoye sunansa, laifin Farfesa Mamuda ke nan. Shekara talatin yana rubuta halin shanu, alhali daga bakin Jauro, makiyayinsa, ya kwashe komai.

Da doka ta ce sai dabba ta gaskata abin da aka rubuta a kanta, aka rataya wa tsohuwar saniyar Jauro na'urar magana a gaban ɗalibai.

"Ai kin san ni," in ji Farfesa.

Ta ce, "Kai ne mai toshe hanci in ka shigo garke. Ina Jauro?"

Jauro ya rasu bara, ko gaisuwa Farfesa bai je ba.

Kafin la'asar an sauke shi daga kujera, an kwashe littattafansa bakwai, an kankare sunansa daga ƙofar zauren karatu. Ɗalibai arba'in, ko ɗaya bai raka shi mota ba.